Shekarar da Aka Sa Mini Suna Binne-Tuwo

Ranar kasuwar Maigatari da ta wuce jikana Sani ya dawo gida riga a yage, leɓe a kumbure. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce wai wani dillalin awaki ne ya kira shi jikan Binne-Tuwo a cikin mutane, shi kuma ya ga ba zai tsaya ana zagin kakansa ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, domin wanda ya sha duka saboda sunan bai ma san inda sunan ya samo asali ba, kuma na tabbata iyayensa ma rabi da rabi suka sani. Laifina ne. Na daɗe ina cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na bar kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama. Wasu su ce rowa ce ta sa na haƙa rami na ɓoye hatsi mutane suna mutuwa, wasu su ce mafarki na yi aka nuna mini ranar da ruwa zai sauka. Duk ba haka ba ne. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun riga ni gidan gaskiya, saura ni kaɗai, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Zan rubuta muku da ɗan ajamin da na iya, ku 'ya'yana da jikokina, mai boko a cikinku ya juya wa sauran.

A Kwarin Aduwa aka haife ni, aka raɗa mini suna Mati, can arewa da Gumel, inda in ka ƙara tafiyar hantsi guda ka shiga ƙasar Faransi. Ku da kuke hawa mota ku je ku dawo kafin azahar ba za ku gane nisan wurin ba. A zamaninmu gida goma sha wani abu ne, duk na kara da ciyawa, sai rijiya guda mai zurfin da in ka saki guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ta taɓa ruwa. Baƙinmu ba su wuce mai gishiri da kanwa da ke ratsowa da raƙumi ba, sai maƙeri da ke zuwa gab da damina ya yi mana kwana uku. Zuwan Turawa ma a bakin fatake muka ji shi, sai da na yi gemu na ga Bature da idona. Yaro a garinmu da ya iya tafiya za a haɗa shi da awaki, da ya iya riƙe ƙota a miƙa masa hauya. Ba mu san wai wahala muke sha ba, tunda ba mu ga wata rayuwar da za mu gwada da tamu ba. Muna da gero da wake, da nono in Fulani sun sauka kusa, da aduwa da magarya da goruba iya cikin yaro.

Babana Jatau mutum ne da magana ba ta dame shi ba, amma in aka zo kan iri sai ka ce malami ya buɗe littafi. Kafin a fara girbi yakan tasa ni gaba mu zaga gona, yana taɓa zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika har baki, ƙwayarta a matse, ba tsutsa ba domana, ita yake yankewa daban. Ƙananan dami biyu yake ɗaurewa duk shekara, ya naɗe kowanne a tsohuwar tabarma, ya rataye su a tsaikon ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsu don kada ƙwari su ci. A gidanmu yaro zai iya tsame nama a tukunya a yi masa faɗa a wuce wurin, amma in ya taɓa zangarniya ɗaya ta iri sai ya ji a jikinsa. A wurinsa kuma na koyi binne. Ku da kuka tashi a gari, binne shi ne ka shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira, ranar da aka yi ruwan farko ya tashi ya riga na kowa. Jigawarmu ta yarda da haka. Haɗarinsa ɗaya ne: in aka yi ɗan yayyafi ya jiƙa iri ya tsiro, sannan sama ta ɗauke, shi ke nan rana ta ƙone shi, ka yi biyu babu. Saboda haka mutanenmu suna da doka biyu. Ba a binne sai shamuwa ta iso, kuma ba a binne iri duka, ana barin rabi a ɗaka don a sake shuka in na farko ya lalace. Baba ya ƙara tasa ta uku. Kowa yana sara rami zurfin gaɓar yatsa biyu, shi kuwa sai ya nutsa sungumi tsawon yatsa guda cif. Na taɓa tambayarsa dalili, don hannuna ya gaji.

"Yayyafi maƙaryaci ne," in ji shi. "Ka kai iri inda ƙarya ba ta isa. Ruwan gaskiya zai same shi."

Ina da kamar shekara goma sha takwas damina ta yi mana gardama. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke gero yana da ciki, muka tsaya muna kallon gonaki suna yin fari. Abin da muka girbe gaba ɗaya da ƙyar ya rufe gindin rumbu. Duk da haka Baba ya shiga kwari, inda ɗan danshi ya rage, ya tsinto zangarniyar da ta yi ƙoƙari, ya haɗa daminsa biyu kamar kullum. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Bayan kaka da kamar wata biyu ciwon haƙarƙari ya kama shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Gandu ya koma hannun ƙanensa, Baffa Sale, wanda muke gida ɗaya da shi da matarsa da 'ya'yansa uku, ƙaraminsu Ilu bai daɗe da yaye ba. A namu ɓangaren ni ne, da Inna, da ƙanwata Tabawa, wadda kuka sani da Gwaggo ta Sule Tankarkar, lokacin tana 'yar shekara bakwai. Kada wani ya ce muku Baffa mugu ne. Mutum ne mai fara'a, abin hannunsa bai rufe masa ido ba, kuma duk yankin ba wanda ya kai shi bin sawu, in akuya ta ɓata shi ake kira ya karanta rairayi ya je ya komo da ita. A kafaɗarsa na fara ganin kasuwar Gumel. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, ba ya iya ganin yaro yana kuka. Halin nan nasa da kowa ke yabo shi ya haɗa ni da shi.

Kafin sanyi ya fita hatsi ya ƙare a garin. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Mata suka shiga daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Muka sussuke ƙarangiya muka yi kunu da ita. Mu samari muka riƙa haƙa gidan tururuwa muna ƙwace ɗan abin da ta tara, shi ya sa har yau in na ga tururuwa da ƙwaya a baki nake kauce mata, don na san abin da na yi wa kakanninta. Gida bayan gida aka riƙa jawo ƙaya a toshe ƙofa a nufi kudu. Gidanmu da ba ya rabo da hayaniya, ga dakan mata ga waƙar Baffa, ya yi tsit, sai kukan Ilu, shi ma daga baya ya koma ƙasa-ƙasa. Duk wannan lokacin dami biyun nan suna rataye a saman kanmu. Kowa ya shiga ɗakin girki sai ya ɗaga kai, ya yi sauri ya sunkuyar.

Da bazara ta kama, wata safiya Baffa ya kira ni ƙofar gida ya ce a sauke dami guda, yara sun fara kumburi. Na ce masa Baba ya hana. Ya ce Yaya da kansa, da yana raye, ba zai ga ƙafar Ilu ya yi shiru ba, kuma ai guda zai rage, ya ishe mu shuka in an yi tattali. Shi ne babba, kuma gaskiya ce, ƙafar Ilu in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa. Ni da kaina na hau na kwance igiyar. Aka riƙa dama kunu tsararo sau ɗaya a yini, mu takwas, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na sha, ya yi mini daɗi, har ƙoƙon na lashe. Kwana tara damin ya yi mana. A rana ta goma muka wayi gari yunwar tana nan inda muka bar ta, kumburin Ilu bai ragu ba, shamuwa ba ta zo ba, sama kuma ko ɗigon gajimare babu. Bayan kwana biyu na ji Baffa yana ce wa matarsa ta yi haƙuri zuwa Juma'a, in ba a ga sauyi ba a ɗebi rabin na biyun.

Na san rabi ba ya tsayawa rabi. Na san kuma ba wanda zai ba mu iri, don maƙwabta sun daɗe da cinye nasu, 'yan kaɗan da suka rage da wani abu a ƙulle a tsumma yake. In aka ci damin nan mun sami kwana tara, bayansu ko ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya sai dai mu zauna mu kalli ciyawa tana tsirowa a gonar Baba, sannan mu bi masu tafiya kudu, Kwarin Aduwa ya zama kufai. Ba ni da bakin hana Baffa, kuma ba inda zan ɓoye dami a gidan kara da mai jin yunwa ba zai gano ba. Wuri ɗaya na sani wanda in hatsi ya shiga ba mai iya ɗebo shi.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan Baffa da iyalinsa sun fita neman anza, na sauke damin, na cusa kara a cikin tabarmar na mayar na rataye. Na ɗauki sungumin Baba da wata tsohuwar fata na nufi gonarmu ta jigawa, wadda take bayan tudu, ba a hango ta daga gari. A gindin gawo na sussuke shi da sanda, aikin da ban taɓa yi ba, na sheƙe yadda na iya. Ƙamshin geron nan ya kusa kayar da ni. Na jefa 'yan ƙwayoyi a baki na tauna, sai kunya ta rufe ni kamar Baba yana tsaye a kaina. A rana ɗaya na karya dokar gari duka biyu: shamuwa ba ta zo ba, kuma ban yi niyyar barin ko tafi guda ba. Ta Baba kaɗai na riƙe. Amma shuka aikin mutum biyu ne, mai sara yana gaba, mai zuba iri yana baya yana rufewa da ƙafa. Ni kaɗai sai in sara jeri guda, in ajiye sungumi, in dawo in zuba, ga jiri yana ɗibata. Har la'asar abin da na yi bai taka kara ya karya ba. Na ƙulle sauran a fatar na turbuɗe a rairayi, na koma gida na ce gafiya na bi ta tsere mini.

Kashegari na fara sara ke nan na ji motsi a bayana. Inna ce, tsaye da ƙoƙo a hannu. Sai kun san yadda muke da Inna kafin ku gane nauyin wannan. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake zaune, in tana so in yi wani abu sai ta faɗa wa Tabawa, in ba Tabawa ta faɗa wa danga. Na tsaya da sungumi a hannu ina jiran ta fasa kuka ko ta juya ta kira Baffa, domin ita ma tana da 'yar da haƙarƙarinta ya fito fili. Ta dubi ramukan da na sara. Ta durƙusa ta zura yatsa a ɗaya, ta ga ya shige duka. Sannan ta bi sawuna zuwa gindin gawo, ta tono fatar, ta cika ƙoƙonta.

"Kai wannan," ta ce, ba ta dube ni ba, "sara mu je. Rana tana yi."

Kwana huɗu muka yi a haka, ina gaba tana baya. Tana zubawa tana rufewa da ƙafar hagu, don Inna bahaguwa ce hannu da ƙafa. Ban taɓa ganin ta kai ƙwaya ɗaya baki ba. Kowane rami tana zuba masa fiye da yadda aka saba, don mu gama da irin kafin asiri ya tonu. In rana ta yi sanyi sai mu koma gida ta hanya daban-daban, ita da ɗan ganyen yaɗiya a bakin zane, ni da ƙaryar gafiya, wadda har Tabawa ta fara tambaya wace irin gafiya ce wannan mai gudun barewa. Ranar Alhamis da azahar Inna ta kife ƙoƙon ta buga gindinsa, ta ce alhamdu lillahi, ta wuce abinta.

Juma'a da safe Baffa ya hau ya taɓa tabarmar ya ji ba nauyi. Ban jira ya tara mutane ana neman ɓarawo ba, na ce masa ni ne, na faɗa masa inda na kai. Bai zage ni ba. Ya fita da sauri, na bi shi, 'yan mazan da suka rage a gari suka biyo mu. Da ya isa gonar sai ya zube a gwiwa ya shiga tono da hannu biyu. Ya tona rami ya sami 'yan ƙwayoyi cakuɗe da rairayi, ya tona na biyu, ya tona na uku, abin da ya tara bai rufe tafin hannunsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi gonar har inda ta ƙare. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana bin jerin shukar da ido. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Mati, kai da wa?"

"Ni kaɗai, Baffa."

"Kai kaɗai." Ya juya wajen mutane. "To ku shaida. Ɗan Yayana ya binne tuwon 'ya'yana a rairayi. Daga yau ba shi da suna a bakina sai Binne-Tuwo."

Kafin magariba yaran da ba su da ƙarfin wasa ma sun iya sunan. Matar Baffa ta raba tukunya. A masallaci in na shiga sahu sai na kusa da ni ya ɗan matsa. Inna ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Bayan kamar mako biyu shamuwa ta iso, masu ɗan iri a tsumma, gida uku, suka fita suka yi binnensu yadda aka saba. Sai ga hadari wata la'asar, ya yi duhu ya yi iska kamar gaske, ya zubar da abin da bai wuce ya jiƙa bayan ƙasa ba, ya wuce. Kwana uku gonakin mutanen nan suka tsiro, ana ta yi musu barka, tawa kuwa ko ɗaya. Wani dattijo ya ce ai Binne-Tuwo kabari ya haƙa wa irin ubansa. Na je na tona rami ɗaya. Danshin ya tsaya a gaɓa biyu, ƙasa da nan rairayi a bushe yake, ƙwayoyin suna kwance kamar yadda Inna ta zuba su. Na mayar na rufe. Mako bai cika ba rana ta ƙone tsiron mutanen nan ƙurmus, rabin da suka ajiye a ɗaka kuwa ashe ciki ya riga ya ci. Ban yi murna ba, Allah ne shaida, amma na yi wa Baba addu'a a tsaye a bakin gona.

A cikin makon nan Ilu ya rasu. Da ni aka haƙa kabarinsa, don masu ƙarfin haƙa sun yi kaɗan, Baffa yana tsaye bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Na sha tambayar kaina ko kunun kwana tara zai riƙe yaron nan. Da na girma na tambayi malamai, suka ce kwanansa ne ya ƙare, na kuma yarda, amma yardar ba ta taɓa hana ni tuna ƙafarsa ba. Ban sani ba, ba kuma zan sani ba sai a gaban Allah. Wannan shi ne abin da shukar nan ta ci, kuma duk wanda zai ba da labarin nan a bayana kada ya tsallake shi. Bayan sadakar uku Baffa ya ɗaure kayansa, ya tasa iyalinsa gaba suka nufi wajen Gagarawa, inda dangin matarsa suke. Ya yi sallama da Inna, ya shafa kan Tabawa, ya wuce ni kamar ya wuce turke.

Kwana goma sha ɗaya da tafiyarsa ruwan gaskiya ya sauka, tun hantsi har azahar, kwari ya cika, kwaɗi suka ɗauka. Rana ta huɗu na hau tudu da sassafe na hangi gonar Baba ta yi jeri-jeri kore daga wannan gefe zuwa wancan, ban ga ramin da ya ƙi ba. Na zauna a kan rairayi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai Baba. A duk Kwarin Aduwa ita kaɗai ce gonar gero. Mutane suka riƙa hawowa tudun suna kallo. Yawan zubin da Inna ta yi don sauri shi ya zama rahama, domin kowane rami ya fito cunkus, dole a rage. Da aka sake ruwa na je ƙofar mai gari na ce duk mai so ya zo ya ciri dashe ya kai gonarsa, sharaɗi ɗaya, a taya mu noma, don ni da Inna ba mu da ƙarfin kai ƙarshenta. Suka zo da ƙwarya da faifai, har da dattijon nan mai maganar kabari, wanda ya fi kowa cika faifai, ban kuma tuna masa ba, sai dai na gaishe shi sau biyu. Muka yi noman nan ciki ba komai sai tafasa da rama da suka fito da ruwan, mutum ya yi sara goma ya zauna ya huta. Dashe ba ya kai shuka, amma ya yi. Ranar da aka fara gasa tumu a garin tsofaffi suna ci suna hawaye, yara kuwa sai da aka riƙa ƙwace musu don kada ciki ya ɓaci. Ba a daina kirana Binne-Tuwo ba, sai dai muryar ta sauya, har mai gari yakan ce a matsa a ba Binne-Tuwo wuri ya zauna. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye muku ba.

Da kaka, kafin a fara girbi, na zaga gonar ina taɓa zangarniya kamar yadda aka koya mini. Dami uku na ɗaure. Inna ta ga na ukun, ta ce wa Tabawa, ina tsaye ina ji, wai zumunta a ƙafa take. Na ɗora shi a ka na kama hanyar kudu, kwana biyu ina tafe ina tambaya, har na sami Baffa a wani ƙauye kusa da Gagarawa yana aiki a gonar surukansa. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na sauke damin a gabansa. Ya zare zangarniya ɗaya, ya murza ta da babban yatsa, ya duba bakinta, ya shinshina.

"Zaɓin Yaya," ya ce.

Ya sa aka kawo mini ruwa, muka zauna a inuwar rumbu. Sai da na sha na ajiye ƙwarya ya sake magana.

"Ran nan a gona na tambaye ka kai da wa."

"Haka ne, Baffa."

"Ni za a ɓoye wa sawu a rairayi? Biyu na gani. Babba yana gaba, ƙarami yana baya yana rufe rami da hagu. Mace ɗaya na sani mai rufe shuka da hagu."

Na sunkuyar da kai.

"Zuciyata tana tafasa ranar, dole in sauke a kan wani. Da ka ce ku biyu ne, da garin nan ya cinye matar Yaya da baki, a ce uwa ta binne abinci 'yarta tana kwance. Da ka ce kai kaɗai, sai na ce to, yaron nan zai iya ɗaukar kaya, bari in ɗora masa duka." Ya juya zangarniyar a hannu. "Maganar Ilu kuwa, ban huce ba tukuna. Ka ba ni lokaci."

Ya tashi ya ɗauki damin da kansa ya shiga da shi ɗakin girki, na ji yana cewa a miƙo masa igiya.

Baffa bai dawo Kwarin Aduwa ba. A can ya yi gona, a can ƙasa ta rufe shi, kuma geron da 'yan'uwanku na Gagarawa suke shukawa har yau jikan damin nan ne, haka ma wanda yake rumbunmu. Lokacin da ya nema ya kai shekara bakwai. Yana ciwon ajali ya aiko aka kira ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Binne-Tuwo, na yafe, ni ma ka yafe mini." Har a ranar bai ce Mati ba, ni kuma ban so ya ce ba. Inna ta rasu ba ta san Baffa ya ga sawunta ba, ni da ita kuma ba mu taɓa tayar da maganar kwana huɗun nan ba, ko sau ɗaya. Na riƙe mata fiye da shekara sittin. Yanzu ba wanda bakin mutane zai cutar, kuma bai kamata ku ci gaba da cin geron nan ba ku san ƙafar da ta rufe ramukan ba.

Saboda haka, Sani, ka ba da rigarka a ɗinke. In dillalin nan ya sake kiranka jikan Binne-Tuwo ka amsa masa da na'am yadda na nesa zai ji, sannan ka ƙara masa da abin da bai sani ba, cewa mu biyu ne a gonar. Sunanta Hauwa'u, 'yar Mamman mai haƙa rijiya. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ni ma ban taɓa faɗin nata ba sai yau da na rubuta shi. Ku riƙe shi tare da nawa.